Wa ya auna sanyin shekara 20,000 da suka wuce? Abin da haƙoran ɓera da fiffiken buzuzu ke faɗa a kan zamanin ƙanƙara

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Jos, musu ɗaya ake maimaitawa a teburin mai shayi da cikin motocin haya: sanyin bana ya kai na da, ko bai kai ba? Dattawan Gangare da Bukuru sukan ce a zamaninsu ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba, yanzu kuwa har fanka ake kunnawa a Jos. Daga nan zance ya gangara ga sauyin yanayi, sai wani ya kawo abin da ya ji a rediyo, cewa masana sun ce shekara 20,000 da suka wuce duniya ta fi yanzu sanyi da kusan digiri 6. Nan take za ka ji an ce, "To Malam, wa ya auna? Wa yake nan a lokacin?"

Tambayar ba ta raini ba ce, tana kan hanya. Ma'aunin zafi bai fi shekara ɗari huɗu da 'yan kai da ƙirƙirowa ba, kuma bayanan yanayin duniya da ake dogara da su sun fara ne daga wajen 1850. Duk abin da ya gabaci haka ba wanda ya rubuta shi da lamba. Amma akwai masu riƙe da labarin, kuma su ne abubuwan da ba wanda zai sunkuya ya ɗauka a hanya: haƙoran ɓera, muƙamuƙin jaɓa, ƙashin kwaɗo, fiffiken buzuzu, da kwanson wasu halittun ruwa da ba su kai ƙwayar gero ba.

## Me ake nufi da zamanin ƙanƙara?

Da farko a gyara wata fahimta. A zamanin da ake magana a kai ƙanƙara ba ta rufe duniya duka ba, kuma ba ta zauna a Jos ba. Ƙanƙarar da muka sani a nan ita ce mai zubowa da damina ta ragargaza ganyen dankali da kabeji, kafin la'asar ta narke. Waccan daban ce. Dusar ƙanƙara ce da ke taruwa shekara kan shekara ba ta narkewa, har ta dunƙule ta zama tudu mai kaurin kilomita 2 zuwa 3, ta danne Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, har da yawancin Birtaniya. A Afirka kuwa sai a kan manyan duwatsu irin su Kilimanjaro da Dutsen Kenya da Ruwanzori da tsaunukan Habasha. Duwatsun Shere namu, da tsayinsu na mita 1,800 da ɗoriya, ba su kai wannan matsayi ba.

Zamanin ya soma ne kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, kuma ba sanyi ɗaya ba ne miƙaƙƙe. Sanyi ya zo, ɗumi ya biyo baya, sanyi ya dawo. A shekara 800,000 na baya-bayan nan kowane zagaye yana ɗaukar kusan shekara 100,000. Sanyin ƙarshe ya kai maƙura tsakanin shekara 26,000 zuwa 19,000 da suka wuce, ya kuma ƙare shekara 11,700 da suka wuce. A lokacin ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawan da teku ta ragu da kusan mita 120.

Abin da ke tayar da wannan zagaye, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milankovic, ya lissafa shi tun farkon ƙarni na 20. Hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana, da yadda ta karkata, da yadda take ɗan layi a kan ƙafarta, duk suna sauyawa sannu a hankali, a kan zagayen shekara 100,000 da 41,000 da kimanin 23,000. Wannan ne ke sauya yawan hasken rana da ke isa arewacin duniya da bazara. Iskar kabon dayoksaid da ke sama kuma takan ragu ko ta ƙaru tare da shi, ta ƙara wa abin ƙarfi.

## Me ya sa ƙananan dabbobi, ba giwa ba?

Idan aka ce zamanin ƙanƙara, hoton da ake nunawa shi ne giwa mai gashi da zanƙalelen haure. Tana da ban sha'awa a gidan tarihi, amma wajen gane yanayi amfaninta kaɗan ne. Babbar dabba tana tafiyar ɗaruruwan kilomita a shekara, tana jure zafi da sanyi iri-iri, saboda haka samun ƙashinta a wuri bai nuna yadda wurin yake ba. Ƙari ga haka, yawancin manyan ƙasusuwan da ake samu a kogo mafarauta ne suka kai su, ko kura. Abin da suke nunawa shi ne naman da maharbi ya fi so.

Ɓera kuwa inda aka haife shi nan yake mutuwa, da wuya ya yi nisa da raminsa. Ransa gajere ne, haihuwarsa da yawa, don haka idan damina ta sauya cikin 'yan shekaru za a ga wani iri ya ƙaru wani ya ɓace. Kuma kowane iri da irin wurin da yake iya zama. A nan Filato akwai wani ɓera mai gashi buzu-buzu da ke zaune cikin ciyawar fadama, wanda masana suka ba shi suna a 1912 daga samfurin da aka kamo a Panyam, kuma ba a san shi a ko'ina ba sai a wannan tudu namu. Duk wanda ya tono muƙamuƙinsa a tsohuwar ƙasa ya san akwai dausayi kusa a lokacin da ya rayu, ko da yau wurin fako ne.

Sai kuma yawa. Inda za a samu ƙashin ɓauna ɗaya, za a samu haƙoran ɓera dubbai. Da dubbai ake lissafi, da ɗaya sai dai hasashe.

## Aikin mujiya

Ta yaya ƙasusuwan ɓera dubbai za su taru wuri guda? Nan ne mujiya ta shigo, tsuntsuwar da yara ke jifa, manya ke neman tsari idan ta yi kuka a kan rufi.

Mujiya, musamman farar nan mai zagayayyar fuska da ke kwana a silin tsofaffin gine-gine, ba ta tauna abinci. Haɗiye ɓera take ɗungurungum. Cikinta ya narkar da naman, gashi da ƙashi kuma su cure wuri guda, bayan sa'o'i ta amayo su. Duk wanda ya taɓa buɗe sito ko ajin da aka daɗe ba a shiga ba, ya ga waɗansu baƙaƙen dunƙulalle kamar babban yatsa zube a ƙasa, su ne. Mutane sukan ɗauka kashi ne, alhali ta baki suka fito. Idan aka jiƙa guda aka ɓare shi da tsinke, gashi ne za a fara gani a cakuɗe, sannan ƙoƙon kai ƙarami da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da muƙamuƙi mai lanƙwasasshen haƙorin gaba ruwan ɗorawa, da 'yan turame uku a jere. Idan jaɓa ce ta ci, muƙamuƙin siriri ne, haƙoran masu tsini kamar na zarto, domin ita ƙwari take ci. Ƙasusuwan ƙafa kuma suna nan lafiya lau, kamar an wanke. Mai son gwadawa ya sa safar hannu ya rufe hanci, don ɓera na ɗauke da cuta.

To mujiya guda takan amayo ɗaya ko biyu kowace rana, kuma farautarta ba ta wuce 'yan kilomitoci daga makwancinta. A ce kogo ne a jikin dutse, mujiya ta zauna ta mutu, wata ta gaje ta, haka har shekara dubbai. Gashin ya ruɓe, ƙura ta binne ƙasusuwan, wani sabon zubi ya hau kai. Kamar juji ne a bayan gari: abin da ke can ƙasa ya riga na sama zuwa. Ba tare da ta sani ba, mujiya ta yi ƙidayar ƙananan dabbobin unguwarta, tsara bayan tsara.

Aikin masu binciken ba na gaggawa ba ne. Suna kankare ƙasar kogon kaɗan-kaɗan, kowane hawa da buhunsa da lambarsa. Su zuba a rariya mai ido ƙanana, wani lokaci rabin milimita, su wanke da ruwa, su shanya, sannan su zauna da ɗan hantsaki da madubin ƙara girma suna tsince haƙori ɗaya-ɗaya. Haƙori aka fi nema saboda ya fi kowane ƙashi tauri, kuma zanen da ke saman turmin kowane irin ɓera daban yake da na ɗan'uwansa.

A Afirka akwai wani ma'auni mai sauƙi da aka daɗe ana amfani da shi. Akwai dangin ɓeran da ake kira jabil, masu dogayen ƙafafun baya, mazauna rairayi da busasshen fili. Akwai kuma dangin ɓeran da muka saba da su, waɗanda suka fi son ciyawa mai kauri da inuwa. Idan a wani hawa na ƙasa jabil suka rinjaya, an yi fari ke nan. Idan suka ja baya, ruwa ya wadata. Da irin wannan lissafi aka nuna yadda kewayen kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya ya riƙa bushewa kusan shekara miliyan 1.8 da suka wuce. A Afirka ta Kudu kuma Margaret Avery ta shafe shekaru tana wannan aiki a koguna irin su Boomplaas. A Turai labarin ya fi fitowa fili: a kogunan Ingila da Faransa ana tono haƙoran lemin, wani ɗan ɓera da yau sai a can ƙuryar arewacin duniya, irin su arewacin Rasha da Kanada, ake ganinsa, inda itace ba ya tsiro.

## Daga ƙashi zuwa digiri

Cewa "an yi sanyi" abu ɗaya ne, fitar da lamba wani abu ne. Dabarar da aka fi bi ita ce a duba inda kowace dabba ke zaune a yau, a san iyakar zafi da sanyin da take ɗauka, sannan a nemi inda iyakokin suka haɗu. Ga misali da lambobin da na ƙaga don bayani kawai. A ce a hawa ɗaya an samu kwaɗon da yau ke rayuwa inda matsakaicin zafin shekara yake tsakanin digiri 8 da 16, da ƙadangaren da ke son 12 zuwa 22, da ɓeran da ke ɗaukar 5 zuwa 14. Wurin da ukun za su iya zama tare sai mai digiri 12 zuwa 14. Idan iri ashirin aka samu maimakon uku, tazarar sai ta ƙara tsukewa. Kwaɗi da ƙadangaru da macizai sun fi dacewa da wannan, tunda zafin jikinsu na waje ne, ba su da dabarar ɗumama kansu. Da su aka auna yanayin kogunan Atapuerca na Sifaniya, inda aka samu ƙasusuwan mutane masu shekara 800,000 ko fiye.

Amma a ganina labarin da ya fi kowanne armashi na buzuzu ne. Wani masani a Jami'ar Birmingham, Russell Coope, ya ƙare rayuwarsa yana wanke taɓon ramukan da ake haƙar tsakuwa a Ingila, yana tsince fukafukan ƙwari masu tauri, waɗansu har da sheƙinsu bayan shekara dubbai. A 1973 ya bayyana cewa wani buzuzu da ya cika Ingila a tsakiyar sanyin ƙarshe, yau ba a samunsa sai a tudun Tibet da kewayensa. Bai mutu ya ƙare ba, bai kuma sauya kama ba. Tashi ya yi ya bi yanayin da ya dace da shi.

Ƙwarin Coope sun kuma nuna wani abu da abokan aikinsa suka daɗe ba su yarda da shi ba. Kimanin shekara 14,700 da suka wuce, ƙwarin sanyi sun ɓace daga Ingila, na ɗumi suka maye gurbinsu kusan farat ɗaya, abin da ke nuna zafin bazara ya tashi da wajen digiri 7 cikin ɗan lokaci. Masu nazarin tsohuwar ƙurar furanni da ke binne a ƙasa, wadda ke nuna irin tsirran da suka taɓa tsirowa a wuri, suka ce ba zai yiwu ba, tunda nasu bayanan sun nuna babu daji a lokacin. Ashe duka biyun gaskiya suka gani. Ƙwaro yana da fiffike, cikin 'yan shekaru ya iso, itace kuwa sai ya yi ɗaruruwan shekaru kafin ya yaɗu. A farkon shekarun 1990, da aka huda ƙanƙarar Girinland aka zaro ta daga zurfin kilomita 3, sai ta tabbatar da cewa yanayi ya yi irin wannan tsalle cikin shekaru gommai.

Lambar nan ta digiri 6 kuwa daga teku ta fito. Akwai wasu halittu masu ƙwayar rai guda da ake kira foraminifera, suna gina kwanso daga sinadaran ruwan da suke ciki, idan suka mutu kwanson ya nutse ya taru a ƙasan teku. Oksijin da ke cikin ruwa ba iri ɗaya ba ne, akwai mai sauƙi da mai ɗan nauyi, kuma yawan kowanne a cikin kwanson ya danganta da sanyin ruwan da kuma yawan ƙanƙarar da ke kan tudu. Cesare Emiliani ne ya fara karanta wannan a 1955. A 1976 wasu masana uku, Hays da Imbrie da Shackleton, suka nuna cewa hawa da saukar da ke cikin taɓon teku ya yi daidai da zagayen da Milankovic ya lissafa. A 2020 wata tawaga ƙarƙashin Jessica Tierney ta Jami'ar Arizona ta haɗa irin waɗannan bayanai daga tekunan duniya ta fitar da digiri 6.1.

Shekarun kuma ana gane su ne da wani sinadari mai suna kabon-14, wanda ke cikin duk abu mai rai, kuma rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730 bayan mutuwa. Yana aiki har zuwa shekara 50,000. Abin da ya wuce haka sai a koma ga tokar dutse mai aman wuta da wasu hanyoyin.

## Inda hanyar take da rauni

Masu shakka suna da abin kamawa, kuma su kansu masanan ba su ɓoye ba. Mujiya da dare take farauta, a fili, don haka kurege da sauran masu yawon rana da wuya su shiga lissafinta. Wani tarin ma ba nata ba ne, na dila ne ko na shaho, kuma kowanne da abin da ya fi ci. Peter Andrews na gidan tarihin halittu da ke Landan ya nuna yadda ake gane mai tarin daga irin cin da ruwan ciki ya yi wa haƙoran: na farar mujiya sumul suke fitowa, na dila kuwa a zaizaye.

Gara da gafiya sukan haƙa rami su cakuɗa sama da ƙasa. Hawa ɗaya mai kaurin yatsa yana iya ɗauke da shekara ɗari biyar a dunƙule. Sannan duk lissafin ya ginu a kan zaton cewa abin da dabba ke so yau shi take so a da, alhali noma da sare daji sun kori dabbobi da yawa daga wuraren da yanayi bai hana su zama ba. Wani lokaci ma akan samu dabbobin da yau ba sa haɗuwa a ko'ina kwance a hawa ɗaya, alamar an yi wani irin yanayi da ba shi da na biyu a yanzu.

Shi ya sa ba a yanke hukunci da hanya ɗaya. Sai an gwada haƙori da ƙurar furanni, da taɓon tafki, da ƙanƙarar Girinland, an ga sun nufi wuri guda. Kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tilo ba tare da "tsakanin kaza da kaza" ba, ka ɗan ja baya da maganarsa.

## Me aka gano a ɓangarenmu?

A nan ne nake ganin musun mai shayi ya kauce hanya. Muna ta maganar sanyi, alhali abin da zamanin ƙanƙara ya yi wa ƙasar Hausa da Barno fari ne. An yi sanyi, ba shakka. Binciken tsohon ruwan da ke can zurfin ƙasa a Barno, wanda ya tsuma tun kusan shekara 20,000 da suka wuce, ya nuna yankin ya fi yanzu sanyi da wajen digiri 6. Amma teku mai sanyi ba ta ba da tururi sosai, sai damina ta raunana. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci, Tafkin Cadi ya ƙafe. Jigayin yashin da ake nomawa yau tsakanin Kano da Haɗeja da Nguru ragowar tuddan rairayin hamada ne da ciyawa ta kama daga baya, kamar yadda wani masanin ƙasa, A. T. Grove, ya bayyana tun 1958.

Da sanyi ya wuce sai abin ya juye gaba ɗaya. Wajen shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kuma dogon tudun yashin nan da ya ratsa Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a Jihar Yobe ta yanzu, ya kai shekara 8,000. Har hazon da ke rufe Jos da hunturu yana da alaƙa da wannan, domin kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele na Cadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafkin, wanda ke cike da ɓawon ƙananan tsirran ruwa.

Yadda wannan lokacin ni'ima ya ƙare, kifi ya ba da labarinsa. A wata mafakar dutse mai suna Takarkori a kudu maso yammacin Libiya, tsakiyar Sahara, an tono ƙasusuwa sama da 17,000, kusan kashi 80 cikin 100 na kifi ne, tarwaɗa da karfasa. A farkon zama kifi ya kai kashi 90 na abin da aka samu, a ƙarshe ya sauko zuwa 40. Abin da ya fi jan hankali shi ne karfasa ce ta fi saurin raguwa. Kowane masunci ya san dalili: tarwaɗa tana shaƙar iska, tana rayuwa a ruwan da ya ja baya ya yi zafi, karfasa kuwa ba ta kai ta juriya ba. Daga ƙayar kifi kawai an ga tafkuna suna ƙafewa a hankali.

Na kusa da mu shi ne dausayin Kajemarum a arewa maso gabashin Najeriya. A taɓonsa akwai kwanson wasu 'yan halittu dangin jatan lande da ake kira ostirakod, waɗanda sinadaran jikinsu ke nuna gishirin ruwan da suka rayu a ciki. Ruwa ya yi gishiri, an yi fari ke nan. Binciken da aka wallafa a 2000 ya bi shekara 5,500, ya nuna damina ta ragu bayan shekara 4,100 da suka wuce ba ta kuma koma yadda take ba, sannan daga wajen shekara 1,500 da suka wuce an riƙa yin fari mai ɗaukar shekaru gommai, wani har ƙarni. Farin shekarun 1970 da 1980 da iyayenmu ke ba da labari ba shi ne na farko ba, kuma an yi waɗanda suka fi shi tsawo.

## "Ai da ma yanayi yana canzawa"

Wannan ce maganar da ake fitarwa daga duk bayanin nan, kuma mutane sun rabu biyu a kanta. Wasu na cewa tunda hamada ta zo ta koma ba tare da mota ko janareto ba, zancen sauyin yanayi na yanzu surutun Turawa ne. Wasu kuma duk abin da ya faru, ko kwata ce ta toshe ruwa ya shiga gida, sai su ce sauyin yanayi.

Ɓangaren farko sun faɗi rabin gaskiya. Yanayi ya sha canzawa, amma kowane canji da sanadinsa, kuma sanadin da ya kawo ƙarshen zamanin ƙanƙara ba ya aiki yanzu, domin zagayen Milankovic na dubban shekaru ne. Fitowa daga sanyin ƙarshe ya ɗauki wajen shekara 10,000. A lokacin kabon dayoksaid ya tashi daga kimanin kashi 190 cikin miliyan na iskar sama zuwa 280, ya tsaya kusa da nan har aka fara ƙona kwal da man fetur. Yau ya haura 420, kuma zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 cikin shekara 150 kacal. A wurina darasin da ke cikin ƙasusuwan nan ba na kwantar da hankali ba ne. Digiri 6 kawai ya raba duniyarmu da wadda Tafkin Cadi ya ƙafe a cikinta.

Ɓangare na biyu kuma su tuna cewa zafin cikin garin Jos ba duka daga sama ya zo ba. Itatuwan da aka sare, da kwanon rufi da kwalta da suka mamaye inda da fili ne, suna da nasu kason.

Ga talaka abin ya taɓa wurare na zahiri. Dankalin Turawa da ake lodi daga Bokkos da Mangu zuwa Farin Gada sanyi ne jarinsa, kuma zafi yana raguwa da kusan digiri 6 ne a duk mita 1,000 na tsayi. Idan aka ƙara digiri 2, daidai yake da a sauke gonar ƙasa da wajen mita 330, kuma manomin da ke kan tudu ba shi da wani tudun da zai hau. Ruwan zurfin ƙasa na Barno da ake zuƙowa da burtsatse, tunda na wancan zamani ne, ba ya cikowa da daminar bana. Akwai kuma batun ɓera kansa. Wani bincike a kogon Samwell na Kalifoniya, da aka wallafa a 2010, ya nuna da ɗumi ya shigo a ƙarshen zamanin ƙanƙara ire-iren ƙananan dabbobi sun ragu, iri ɗaya mai iya zama ko'ina ya mamaye. A wajenmu ɓeran da ya fi iya zama ko'ina, gona da rumbu da ɗaki, shi ne mai yawan nonuwan nan da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da Jos ta san ta tun 1969.

## Ina na Filato?

Kusan duk misalan da na kawo daga nesa suke, kuma akwai dalili. Ƙasar tudun nan, wadda yawancinta daga dutsen giranait ta samu, tana da tsami, tsami kuma yana cinye ƙashi. Masu haƙar kuza sun tono gatarin dutse na mutanen farko a Mai Idon Toro, sun tono sassaƙen yumɓun Nok, Bernard Fagg ya haƙa mafakar dutsen Rop a 1944 kafin ya kafa gidan tarihin Jos a 1952, amma dutse da yumɓu ne suka fi tsira. Masu binciken Nok daga Jami'ar Frankfurt sun rasa ƙasusuwan dabbobi har sai da suka koma ga maiƙon da ya shige jikin tukwane, inda a 2021 suka gano kakin zuma mai shekara 3,500. A duk Najeriya, wurin da ya yi suna da ƙasusuwan ƙarshen zamanin ƙanƙara shi ne mafakar Iwo Eleru kusa da Akure, wadda Thurstan Shaw ya haƙa a 1965.

Wannan bai nuna babu abin nema ba. Busassun mafakun duwatsu inda ruwa ba ya shiga suna iya riƙe ƙashi. Rema tana nan a duwatsunmu, kuma a Namibiya da Afirka ta Kudu daskararren fitsarinta da ya taru a kogo ya adana bayanin shekara dubbai. Tafkin Pidong a ƙaramar hukumar Mangu yana cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, irin tafkin Tilla na Biu wanda taɓonsa ya riga ya ba da tarihin tsirrai na fiye da shekara 10,000. Aikin farko ma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a tara amayen mujiya na yanzu daga Riyom zuwa Pankshin, a san wane ɓera ke zaune a ina, domin ba a gane tsohon haƙori sai da sabon da za a gwada shi da shi. Ɗaliban ilimin dabbobi na Jami'ar Jos za su iya wannan.

Abin da ke cin waɗannan wurare yanzu shi ne fasa dutse, da kwasar ƙasar kogo ana kai wa gona taki. Wanda ya ci karo da tarin ƙananan ƙasusuwa a ƙasan kogo, abin da ya fi shi ne ya bar su yadda suke ya sanar da gidan tarihi, domin da zarar an kwashe su a buhu an cakuɗa na sama da na ƙasa, ba sauran hanyar sanin wanne ya riga wanne.